Kafin Jininsa Ya Yi Tsaba

Da sunan Allah nake farawa, mai saukar da ciwo da mai ɗauke shi. Sunana Rabi, mutuniyar Dakoro. Karatun manya na yi da furfurata, shi ya sa hannuna bai da kyau, sai a yi haƙuri da shi. Na rubuta wanga labari don masu sayen magani a tebur, da kuma duk wadda za a bar wa mara lafiya ita kaɗai a ce ta tsare ƙofa.

A lokacin, shekara uku ko huɗu ke nan da samun mulkin kai. Maigidana, Malam nake ce masa, dillalin bisashe ne a kasuwar Dakoro. Mutum ne na jama'a har abin ya yi yawa. Buzu da raƙuminsa, Bafillace da bijiminsa, kowa zaurenmu yake sauka, ni ce da daka ni ce da tuƙi, ina yi ina mita. Ni kuwa duk unguwa an san ni, ba a taka ni in yi shiru. Malam kan ce da ana sayar da faɗa a kasuwa da shi ne zai yi mini dillanci.

Haƙori ne ya fara masa, na can ciki. Ran kasuwa na ga wani mai tebur da wasu fararen ƙwayoyi irin waɗanda fatake ke shigowa da su daga kudu, ba takarda, ba suna. Ya ce haƙori, kai, gajiya, duk tana ɗaukewa. Ni na saya da hannuna. Kuma ta yi aiki, ba zan yi mata ƙarya ba. Malam ya ji daɗinta har haƙori ya lafa bai daina ba, biyu da safe biyu da marece, wai tana sa shi wuni tsaye cikin rana bai ji ba. Ya yi kusan wata yana haka.

Sai ciwo ya kwantar da shi. Satin farko zazzaɓi ne, mai zafi, da rawar ɗari da rana tsaka. Kwana biyu maƙogwaro ya kama, ko kunu ba ya wucewa sai ya runtse ido. Aka aika garin Ajekoriya wurin mahaifiyarsa, Inna. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, mai kaifin baki, kuma tun ranar da aka kawo ni gidan ba mu taɓa shan inuwa ɗaya ba. Ta iso bisa jaki da wanzaminta a baya. Aka yi wa Malam ƙaho a gadon baya, tsaga shida, na ƙyale. Sai wanzami ya buɗe masa baki ya ce belu ne, a cire. Na leƙa na ga bakin duk ya yi gyambo toka-toka. Na ce wuƙa ba ta shiga bakin nan.

Inna ta dube ni sama da ƙasa. "Ke yarinya, tun ba a haife ki ba nake jinyar wanga yaro."

Na ce, "To Inna, yanzu dai an haife ni."

Ba ta kwana ba. Ta hau jakinta ta koma, ko ruwan gidan ba ta ƙara sha ba.

Masu dubiya kuwa ba a magana. Zaure cike, tsakar gida cike, kowa sai ya kama hannunsa, kowa da maganinsa: wannan sassaƙe, wannan hayaƙi, wannan ya ce a shafa man shanu a wuya. Tsagar ƙahon nan ta ƙi rufewa, bakinta ya yi baƙi, amma a bushe take. Mata suka riƙa dubawa suna cewa, "Masha Allahu, jikinsa mai kyau ne, ko mugunya babu." Ni ma na ji daɗin maganar, don ban san komi ba.

Ran na takwas da kwanciyarsa na tattara ƙarfin hali na kai shi wurin anfirme, malamin asibitin garinmu. Ya haska bakin, ya duba bayan, ya yi masa allura, ya rubuta takarda. Ya ce Maraɗi, yau ba gobe ba. Na kai ɗiyana biyu gidan ƙanwata, ƙaramar ko yaye ban daɗe da yi mata ba. Akuyata da abin wuyana suka tafi a yinin nan, na sayar don guzuri. Muka hau kamyon, babbar motar hatsi, na shimfiɗa masa tabarma bisa buhuna, na riƙe kansa a cinyata. Sau uku motar na kafewa cikin rairayi, maza na sauka suna tura ta. Ba wanda ya biyo mu daga dangi, kowa ya ce sai an ga yadda hali ya yi.

A babban likita na Maraɗi, wato asibiti, mun yi layi tun hantsi har azahar ta gota. Wannan taga ta tura ka waccan, waccan ta ce takardarka ba ta nan ba ce. Na yi faɗa da mutum biyu kafin a dube mu, kuma ban yi nadama ba. Daga ƙarshe aka kai mu labo, ɗakin da ake duba jini. Babba a wurin wani dattijo ne siriri mai tabarau, Majo kowa ke ce masa. Ya soki yatsan Malam, ya shafa jinin bisa ɗan gilashi, ya zuba masa wani ruwa mai launin shuni, ya sa a madubinsa mai ƙara girman abu. Ya daɗe yana dubawa. Sai ya sake sukar wani yatsan, ya ce wataƙila ruwansa ne ya lalace. Da ya duba na biyu ya cire tabarau.

"Malama, mi yake sha kwanan nan?"

Na kwance bakin zane na nuna masa sauran ƙwayoyin. Ya kai wa likita, wani bature mai jan wuya da ba ya jin Hausa. Suka yi ta faransanci, kalma ɗaya ce ta maƙale mini don yawan maimaita ta, wai garanilasiyo. Majo ya dawo ya zaunar da ni bisa benci.

Ya ce cikin jini akwai jajayen 'ya'ya akwai farare. Fararen su ne masu gadin jiki, duk ƙazantar da ta shigo su ke tare ta. A cikin ɓargo ake haifarsu, can suke girma. Kuma ba su da amfani sai sun yi tsaba, wasu 'yan ɗigo-ɗigo a cikinsu, nan dafin da suke kashe cuta yake. "Kamar zangarniyar gero ce," in ji shi, "in ba ta yi ido ba, kara ce kawai. Ƙwayar nan ta ƙone masa su tun daga ɓargo. Na duba gilashi biyu, masu tsaba ban ga ko na rantsuwa ba."

Na ce to ai gyambonsa ko mugunya bai yi ba.

"Shi ne abin tsoron. Mugunya gawarsu ce in sun yi faɗa. Babu mugunya, babu mai faɗan."

Na tambaye shi maganin. Ya ce babu maganin da ke sa su girma. A daina ƙwayar, a yi masa allurar fenisilin ta riƙe masa, a jira ɓargo ya farfaɗo in Allah ya so, kamar sati biyu ko fiye. Kafin nan, tarin wani ko hannun wani ya isa ya kashe shi. Za a ba mu ɗaki mu kaɗai. Ruwa tafasasshe, kunu da zafinsa, hannu da sabulu kafin in taɓa shi. Ba fura daga waje, ba goro daga hannun kowa. Kuma kada kowa ya shiga sai ni da ma'aikata.

Na ce, "Ko uwarsa?"

Ya ce, "Ko uwarsa."

Ɗakin can ƙarshen gini yake, da alama da kaya ake ajewa ciki. Gado ɗaya, ƙofa ɗaya, taga ɗaya mai marfin katako da ke kallon wani itacen dogon yaro a baya. Nan na yi zaman da ban taɓa yin irinsa ba.

Wanda bai yi jinya a likita ba bai san cewa masu jinya gari guda ne ba. Mata na haɗa murhu ƙarƙashin itace, wannan ta ba wannan gishiri, wannan ta duba wa wannan mara lafiya ta je wanki. Ni ba a sa ni ciki ba. Da suka ga an ware mu, sai suka ce ciwon Malam ne ake ɗauka. In na je famfo su janye bokitinsu. Na yi bayani sau biyu, na ce shi ake tsare wa, ba ku ba. Na uku na zage su, shi ke nan na ƙarasa ɓata abin. Na riƙa cin tuwona ni kaɗai a bakin ƙofa, bayana jingine da katako. Nonona ya dinga tsatsafowa in na tuna ƙaramar ɗiyata. Kaɗaici ya ci ni, ba zan ɓoye ba, akwai ranar da ban yi magana da kowa ba sai mai allura, shi ma "juya shi" kawai ya ce.

Sati na biyu mutanen Malam suka fara zuwa. Dillalai, fatake, wani Buzu da ya baro raƙumansa a bayan gari ya shigo da ƙafa. Mutum ya yi tafiyar yini guda don dubiya, ya yi sallama, mace ta tsaya masa a ƙofa ta ce ba shiga. Ku da kuka san garinmu kun san mi ke nan. Wani ya ce Allah ya sawwaƙe ya juya. Wani ya ce tun da yake bai taɓa ganin an hana lada ba. Labari ya koma Dakoro wai Rabi ta kulle mijinta, ta raba shi da kowa. Malam kuwa ba ya iya magana sosai, sai ya nuna ƙofa da ido, yana tambaya ko an zo. In ce an zo, suna gaishe ka. Sai ya juya fuska bango. Mutumin da bai taɓa cin abinci shi kaɗai ba ke nan.

Majo, Allah ya jiƙansa, shi ne mutum ɗaya da ke tsayawa ya yi mini magana kamar ina da hankali. Kwana bibbiyu yake ɗibar jinin yatsa. Ran na tara da zuwanmu likita ya soka wata ƙatuwar allura a ƙashin ƙirjin Malam ya zuƙo ɓargo, ina riƙe da ƙafafunsa. Da azahar Majo ya kira ni labo ya ce in rufe ido ɗaya in leƙa. Da farko gashin idona kawai nake gani. Can sai ga wasu manyan abubuwa kewayayyu, shuɗi-shuɗi, cikinsu cike da ɗigo baƙi-baƙi masu kauri, kamar an watsa barkonon da bai daku ba.

Na ce, "Ga tsabar nan, Majo. Ya warke ke nan?"

Ya ce a'a, in saurara. Farin ɗan jini, yana jariri a ɓargo, ba ya da tsaba ko ɗaya. In ya ɗan tasa sai ya yi wagga ta farko, mai kauri mai duhu. Daga nan ya daina yin ta, ya rabu biyu, biyun su rabu, kowa ya ɗauki rabonsa, ta yi ta raguwa. Sannan su fara ta biyu, mai laushi, mai haske, wadda da ƙyar ake gani, ita ce ke rinjaye. Cibiyar da ke tsakiyarsu ta lanƙwashe, ta yi gaɓa-gaɓa. Sai a lokacin suke fitowa cikin jini su yi aiki. "Waɗanga da kika gani rabin hanya suke. Ko su wuce, ko su tsaya nan. In sun tsaya nan, wani ciwon ne daban, kuma shi ba mu da abin yi masa. Kwana biyar ko shida za mu sani. Ki ƙara tsare ƙofar nan, yanzu ne bai kamata a yi sake ba."

Kwana biyu bayan haka Inna ta zo.

Ina wanke kwano na ɗaga kai na gan ta, wan Malam, Yaya Mamman, na riƙe da hannunta. Ta rame ƙwarai, tana tari irin mai fitowa daga ƙirji. Kwana biyu suka yi a hanya. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa a taƙaice ta nufi ƙofa. Na riga ta, na tsaya.

"Inna, likita ya hana. Ko wa."

"Matsa in ga ɗana."

"Tari kike, Inna. Zai iya kashe shi."

Ta kafe ni da ido. Matan nan na ƙarƙashin itace duk sun bar abin da suke yi. Sai ta ce, ba da ƙarfi ba, "An faɗa mini. Da hannunki kika sayo abin da ya kwantar da shi. Yau kuma ke ce mai tsaronsa."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ta yi zafi. Kwana goma sha ɗaya ina faɗa wa kaina wannan maganar, amma jin ta a bakin Inna gaban matan nan, sai na ji kaina ya ɗau wuta. Ban matsa ba.

Yaya Mamman ya ja ta gefe. Suka zagaya bayan ɗakin, ta ga tagar a rufe. Ta dawo, muryarta ta sauka, ban taɓa jin ta haka ba. "To Rabi, na ji. Ba na shiga. Buɗe mini tagar nan in tsaya daga nesa. Ko ƙafarsa in gani."

Labo taku arba'in ne daga inda nake tsaye. Majo yana ciki, ina hango farar rigarsa. Ban je na tambaye shi ba. Na ce, "An ce ko iskar mutum kada ta shiga."

Ba wanda ya ce mini haka. Rabi tsoro ne, rabi haushi, kuma har yau ban iya raba su ba.

Inna ta je ta zauna gindin dogon yaron nan, daidai tagar, da carbinta. Tun azahar har la'asar sakaliya tana nan. Ina jin tarinta ta katako. Malam ya farka ya ce da ƙyar, "Muryar wa nake ji?" Na ce masu jinyar maƙwabta ne. Da za su tafi ta aiko Yaya Mamman da ƙullin garin gero da ta daka da kanta, ta ce a dama masa da zafi tunda an ce sai mai zafi. Na dama masa, ya sha, ya fi kullum sha.

Ran na goma sha biyar ina goge masa baya na ga tsagar ƙahon nan ta yi ruwa rawaya. Na ruga labo. Majo ya zo ya duba ya yi dariya har da tafa hannu. "Mugunya ce, Malama. Sun iso." Ya ɗibi jini, ya sake sa ni leƙawa. Fararen nan ƙanana ne yanzu, cibiyarsu gaɓa uku-uku kamar ƙullin igiya, jikinsu da wani ɗigo mai laushi kamar gari. Ba su da yawa, amma ga su nan. Washegari zazzaɓi ya sauka. Malam ya nemi tuwo, ya kuma ce miyata ba gishiri, na san ya dawo.

Ran na ashirin likita ya ce a buɗe ƙofa. Majo ya zo yi mana barka, yana tsaye yana goge tabarau, sai ya ce, "Af, na ji an ce tsohuwarsa ta zo kwanan baya. Ta dai gan shi ta taga ko?"

Muna waje, Malam bai ji ba. Na ce, "Ta taga?"

"E mana. Daga waje, ta ja baya taku uku, mi zai same shi? Shiga da taɓawa na hana. Ai da kin leƙo kin tambaye ni."

Na ce to. Na shiga ina naɗe tabarma. Na ƙudura a raina in mun koma, kafin Dakoro sai Ajekoriya. In durƙusa gabanta, ta faɗi duk abin da ta ga dama, ba zan ɗaga kai ba.

Don haka ga abin da nake so a ɗauka. Ƙwayar da ba ta da suna, kada a sha, ko ta yi daɗin aiki. Zazzaɓi da gyambon baki bayan an daɗe ana shan magani, a tafi likita, a bar wanzami ya huta. Gyambon da ba ya mugunya ga mai zazzaɓi ba abin murna ba ne. Kuma in an ba ki doka a likita, ki tambayi iyakarta, ki sake tambaya, musamman ranar da ranki yake ɓace.

Ana gobe za a sallame mu Yaya Mamman ya dawo shi kaɗai. Tun daga yadda ya yi sallama na gane. Tarin nan ne ya kwantar da Inna da suka koma, kwana shida ta yi ta rasu. An rufe ta tun shekaranjiya.

Malam na zaune bakin gado yana jin labarin. Can ya ce, "Ba ta samu zuwa ba ke nan."

Yaya Mamman ya dube ni. Na ce, "Ta zo, Malam. Ni na hana ta. Garin da ka sha ran nan nata ne."

Ya rufe fuska da hannu biyu. Na tsaya ina jiran saki, wallahi da ya ba ni da na karɓa. Da ya sauke hannun sai ya ce, "Abin da likita ya ce kika yi. Ba kowa zai iya ba. Allah ya saka miki, Rabi."

Yaya Mamman ma haka ya ɗauka, don ya ji da kunnensa na ce an hana ko iska. Danginsa mata ba su sake taka gidana ba, ban kuma ga laifinsu ba. Malam kuwa ya koma kasuwarsa, zaure ya sake cika. Duk baƙon da ya sauka sai ya ba shi labarin, ina jin su daga madafa: yadda Rabi ta tsaya a ƙofa kwana ashirin, har uwarsa ta mayar don ya rayu. Shekara ashirin da shida yana yabona da wannan. Sau da yawa na kai masa ruwa da niyyar in faɗa, sai in aje kwanon in fito.

Ya rasu da damanar bara, ciwon ciki na kwana uku, hannunsa cikin nawa. Bai san tagar nan tana buɗuwa ba.